Shagon buga rahoton zayyanar injiniya a Yelwa: abin da suka iya da abin da ba a bar musu

Da zarar zangon karatu ya zo ƙarshe, layin shagunan kwamfuta da ke kusa da ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa, cikin garin Bauchi, yakan cika maƙil. Ɗaliban injiniya ne suka fi daɗewa a kan benci, domin aikinsu ba rubutu zalla ba ne. Akwai lissafi, akwai jadawali, akwai zane mai ma'auni, kuma kowanne da irin kulawar da yake so. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin waɗannan shaguna ne, wanda 'yan jami'a da 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji ke yawan kai wa rahoton zayyana, wato abin da su ɗaliban ke kira dizain. Ba za a kama suna ba, tunda yawancin abin da za a faɗa ya shafi maƙwabtansa ma.

Kayan aikinsu ba laifi: firinta ta leza mai buga baƙi da fari, wata ta launi mai tankin tawada, injin fotokwafi da ke ɗaukar takarda har girman A3, na'urar huda takarda don bayindin na zobe, wuƙar datsa, da janareto da ake tayarwa idan wuta ta ɗauke. Ba su da babbar na'urar buga zane mai girman A1, sai dai su kai cikin gari a bugo, wanda ke ƙara kwana guda. Takardarsu A4 ce mai nauyin giram 80 a murabba'in mita, kuma ita ce daidai. Mai giram 70 takan nuna inuwar shafin baya, musamman inda jadawali yake da layuka masu kauri. Kuɗi kuwa da shafi ake yi, na launi ya ninka na baƙi sau da yawa, kuma farashin yana bin kuɗin takarda da na mai, don haka a yi ciniki kafin a danna bugawa.

A taƙaice, wajen tsara shafi da bugu da ɗauri sun cancanci a kai musu aiki. Wajen duk abin da ya taɓa lamba, alama ko ma'aunin zane, hannun ɗalibi ne kawai ya kamata ya taɓa.

Kafin a auna su, sai an san abin da ake kai musu. Rahoton zayyana ba insha'i ba ne, hujja ce. Yana farawa da matsalar da ake son warwarewa da sharuɗɗan da aka gindaya: nauyi nawa, wuri wane iri, kuɗi har nawa, wace ƙa'ida za a bi. Daga nan a kawo hanyoyi biyu ko uku da aka auna, a faɗi dalilin zaɓen ɗaya, sannan lissafi, sannan zane, sannan jadawalin kaya da kuɗinsu. Abin da malami ke nema shi ne a ce wani injiniya da bai taɓa ganin ɗalibin ba zai iya ɗaukar rahoton, ya bi lissafin daga farko zuwa ƙarshe, ya fito da amsa iri ɗaya. Irin wannan horon ne hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa a 1970, ke dubawa idan ta zo tantance sassan injiniya, kuma shi ne ɗalibi zai ci gaba da yi ranar da sa hannunsa zai hau takardar gini na gaske. Duk abin da shago ya yi wanda ya yanke wannan zaren, ko da shafin ya yi kyau, ɓarna ce.

Inda suka ƙware

Yaron da ke kan kwamfutar farko ya san Word fiye da yawancin ɗaliban da ke zuwa wurinsa. Abu na farko da yake dubawa shi ne girman takarda, kuma wannan ya nuna ya san aikinsa. Kwamfutoci da yawa suna zuwa ne a saite da takardar Amurka, mai milimita 216 da 279, alhali A4 milimita 210 ce da 297. Idan aka rubuta shafi 80 a kan ta farko aka buga a kan ta biyu, jadawali kan tsage gida biyu, taken hoto ya tsallaka shafin gaba ya bar hoton a baya. Shi yakan gyara wannan tun kafin ya taɓa komai.

Lambar shafi ma ya iya ta. Shafukan farko, wato na take da sadaukarwa da godiya da tsakure, suna ɗaukar lambobin Rumawa, babi na ɗaya kuma ya fara da 1. Ana yin haka ne da raba takardar zuwa sashe biyu, a cire haɗin da ke tsakanin ƙasan shafin sashe na biyu da na farko, sannan a umarci lambar ta sake farawa. Ɗalibai da yawa sukan kasa, sai su raba aikin zuwa fayil biyu ko uku, daga baya jerin abubuwan ciki ya ƙi daidaita da shafuka. A nan mintuna kaɗan ne. Haka kuma yakan sa wa kanun babi salon kanu na gaske, yadda jerin abubuwan ciki da na hotuna da na jadawalai za su fito da kansu, su kuma sabunta idan an yi gyara bayan kare aiki a gaban malamai. Yana barin fili mai faɗi a gefen hagu saboda ɗauri. Sai dai a zo masa da takardar ƙa'idar sashe a hannu, domin kowane sashe da nasa faɗin gefe da tazarar layi, shi kuwa idan ba a nuna masa ba, na wanda ya tashi yanzu zai sa.

Bugun lezarsu baƙi ne sosai, siririn layi ba ya yankewa. Na launi kuma a kiyaye shi daga danshi, domin tawadar tanki takan zube idan gumin hannu ko ɗigon ruwa ya taɓa ta, abin da garin leza ba ya yi. Ba kowane shafi ke buƙatar launi ba. Hoton wurin aiki da taswira, e. Amma zanen kwatance mai layi uku ja da shuɗi da kore, gara a mayar da su layi miƙaƙƙe da mai ɗigo-ɗigo da mai gutsi-gutsi tun a Excel, saboda kwafin da za a yi wa sauran malamai baƙi da fari ne, kuma a can duk launukan toka suke komawa.

Inda lamba ke lalacewa

Babban haɗarin shagon nan yana cikin saurin hannunsu. Idan aka ce a mayar da rubutu Times New Roman mai girma 12, sai a zaɓi takardar gaba ɗaya a canza salon harafi a bugu guda. Ga rahoton tarihi ko na kasuwanci babu illa. Ga rahoton injiniya kuwa, duk alamar da aka shigar da salon Symbol takan koma harafin da ke ƙarƙashinta. Alamar μ ta koma m, Ω ta koma W, φ ta koma f. Ɗalibin lantarki da ya rubuta 470 Ω sai ya wayi gari da 470 W, abin auna turjiya ya zama abin auna ƙarfin wuta. Wanda ya rubuta 100 μF ya koma 100 mF, ninki dubu ke nan. Babu jan layin da zai nuna kuskuren, domin a wurin kwamfuta rubutu ne lafiyayye. Sai ranar kare aiki malami ya ɗora yatsa a kai.

Ƙananan lambobin sama ma sukan faɗo idan aka kwafe rubutu aka liƙa ba tare da tsarinsa ba: mm² ya zama mm2, 10⁶ ya zama 106. Wannan na biyun ya fi muni, domin 106 lamba ce da ido zai wuce ta bai tsaya ba. Sannan Word yana da ɗabi'ar mayar da harafin farko na kowane gidan jadawali babba, sai kN ya koma KN, mm ya koma Mm. A tsarin awo na duniya girman harafi ma'ana ne, MPa da mPa tazarar biliyan ce tsakaninsu. Idan kuma fayil ɗin a manhajar WPS aka rubuta shi a waya ko ƙaramar kwamfuta aka buɗe a Word, ko akasin haka, jimlolin lissafi kan goce daga layi, wasu su koma hoto mai dishi-dishi da ba ya gyaruwa.

Maganin duka abu ɗaya ne. A bar su su tsara shafukan bayani, a karɓi fayil ɗin a koma gida, a bi babin lissafi layi-layi ana kwatantawa da takardar hannu, sannan a mayar da shi PDF a kan kwamfutar da aka duba shi. PDF ɗin nan shi za a kawo a buga, ba fayil ɗin Word ba. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin takarda. Wannan ma ya fi filash aminci, tunda kwamfutar da ɗaruruwan mutane ke soka wa filash ba ta rabuwa da ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Akwai kuma tsarin takardar lissafi da ba su saba da shi ba, mai gida uku: madogara a hagu, lissafi a tsakiya, sakamako a dama. Gidan hagu shi ke nuna sakin layi ko jadawalin ƙa'idar da aka ɗauko lamba daga ciki. Sun sha share shi don a rage shafuka, suna ganin fili ne ake ɓatawa. A hana. Lissafin da ba madogara kamar shaida ce ba mai shaida.

Zane da ma'auninsa

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tashi daga benci ya tsaya a bayan mai bugawa. Na'urar bugu tana zuwa da zaɓin da ke matse zane ya shiga takarda, kuma a shagon nan kullum a kunne yake, saboda yana hana gefen rubutu yankewa. Ga zanen injiniya, shi ke kashe ma'auni. Ɗaki mai mita 4 a ma'aunin 1:50 dole ya fito milimita 80 cif a takarda. Idan aka matse zanen A3 ya koma A4, komai ya ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari, ɗakin ya koma kusan milimita 57, ma'aunin gaskiya ya zama wajen 1:71, alhali akwatin bayani da ke kusurwar zanen yana nan yana cewa 1:50. Ko A3 a kan A3 ne, matsewar takan ci kaɗan saboda gefen da firinta ba ta kaiwa, kuma wannan kaɗan ɗin rula tana kama shi. Akwai malaman da ke zuwa zauren kare aiki da rular ma'auni a aljihu.

Abin yi shi ne a zaɓi girman ainihi, wato kashi 100, a buga kwafi ɗaya na gwaji, a ɗora rula a kan wani tsawo da aka sani. Ya fi kyau ma a zana sandar ma'auni a cikin zanen, domin ita tana raguwa tare da shi idan an rage. Wanda ya shirya zanensa a A1, mai milimita 594 da 841, sannan ya ce a buga masa a A3 don ya huta da zuwa gari, ya sani rabi cif za a rage. Rubutu mai tsayin milimita 2.5 zai koma 1.25, ba mai karanta shi. Tun farko a shirya zanen a kan girman da za a buga, ko da zai zama an raba shi shafi uku.

Kada a kawo musu fayil ɗin manhajar zane ta AutoCAD kai tsaye. Sigar da ke kwamfutarsu ba lalle ta buɗe sabuwa ba, kuma ko ta buɗe, ba ta da jadawalin kaurin alƙalami da ɗalibi ya yi aiki da shi. Sakamakon shi ne layin rawaya da na shuɗi mai haske, waɗanda ke fitowa sarai a baƙin allo, su fito fari-fari a takarda, sannan bango da layin awo da rodi duk su zama kauri ɗaya. Zanen rodi kuwa da kauri ake karanta shi: rodi da layi mai kauri kamar 0.5 ko 0.7, gefen kankare da 0.35, layin awo da 0.25. A fitar da PDF daga gida da jadawalin baƙi zalla, a buɗe a duba, sannan a kawo.

Wajen naɗe A3 cikin littafi sun iya, suna naɗewa yadda akwatin bayani na kusurwar dama ta ƙasa zai fito sama. Abu guda za a tuna musu: naɗin ya tsaya kamar milimita 5 kafin bakin takarda. In ba haka ba, idan aka zo datse gefen littafi bayan ɗauri, wuƙar za ta yanke naɗin, zane ya rabu biyu.

Hidimar da bai kamata a karɓa ba

Kamar sauran irinsa, shagon nan yana da tarin tsofaffin rahotanni a kwamfuta, kuma idan ɗalibi ya nuna alamar gajiya, za a ce masa, "Injiniya, akwai irin naka a nan, sai dai a canza suna da lambobi." Ban da cewa satar aiki ce da ke iya jawo hukunci mai tsanani, ta fuskar injiniya ma ba ta aiki, kuma ga misali.

A ɗauki dekin na aji mai kaurin milimita 150 da ya zauna a kan bim biyu, mita 4 tsakaninsu, a bisa ƙa'idar Birtaniya ta zayyanar ginin kankare, BS 8110. Nauyin kansa 0.15 sau 24, wato 3.6 kN/m². A ƙara 1.2 na filasta da daɓe, ya zama 4.8. Nauyin mutane da kujeru a aji 3.0 ne. Nauyin zayyana shi ne 1.4 sau 4.8 a tara da 1.6 sau 3.0, ya ba da 11.52 kN/m². Ƙarfin lanƙwasa a tsakiya 11.52 sau 16 (wato 4 sau 4) a raba da 8, wato 23.04 kNm a kowace mita. Da rufin kankare na milimita 20 da rodi mai milimita 12, zurfin aiki, wato daga saman dekin zuwa tsakiyar rodi, 124 ne. Da kankare mai ƙarfin 25 da rodi mai 410 N/mm², ana buƙatar wajen 514 mm² na rodi a mita guda, kuma Y12, wato rodin nan mai milimita 12, a tazarar milimita 200 yana ba da 565. Har nan komai ya tafi daidai, kuma a nan rahotanni da yawa ke tsayawa. Amma da an duba lotsawa, tsawo a raba da zurfi ya haura 32, alhali abin da ƙa'ida ta yarda da shi a wannan hali bai wuce wajen 27 ba. Dekin bai ci ba. Dole a ƙara kauri ko a ƙara rodi, kuma da an ƙara kauri, nauyin kansa ya canza, na bim ya canza, na fila da na tushe duk sun canza, har zuwa adadin buhunan siminti a jadawalin kuɗi.

To tsohon rahoton da za a ba ɗalibi wataƙila na mita 3 ne, inda kaurin 150 ya ci lafiya. Mai shago zai canza 3 zuwa 4 a shafin farko da wurare biyar da idonsa ya gani, sauran sarƙar ta zauna yadda take. Wani lokaci ma akan haɗa babi daga rahotanni biyu, ɗaya mai 1.4 da 1.6 na BS 8110, ɗaya mai 1.35 da 1.5 na ƙa'idar Turai ta Eurocode, nauyin kankare 24 a wani shafi, 25 a wani. Malamin da ya shekara goma yana duba irin wannan aiki, shafi biyu zai buɗa ya gane. Ba mugunta ce ke sa masu shagon yin haka ba, ba su san lambobin a ɗaure suke da juna ba. Ɗalibin da ya karɓa shi ya sani.

Wannan tarin na tsofaffin rahotanni kuwa daga fayilolin da masu zuwa suka bari aka tara shi. Bayan an gama bugu, a roƙi a goge fayil ɗin a gaban ido, har daga kwandon shara na kwamfutar da kuma wurin saukar saƙon WhatsApp. Idan aka nemi haka cikin mutunci ba sa ƙi.

Ɗauri da lokaci

Na zobe suna yinsa nan take, kuma shi ya dace da kwafin da za a kai wa malami mai duba aiki da na ranar karewa, tunda ana iya zare shafi a sauya. A sa su zaɓi zobe daidai kaurin aikin, domin ƙarami yana cizon takarda har ramukan su yage. Mai kwali sai bayan an kammala duk gyaran da aka bayar. Ɗaurin nasu yana da ƙarfi, amma gam yana son ya kwana a ƙarƙashin nauyi. Wanda ya matsa aka ba shi a ranar, bangon zai kumbura, kuma a lokacin hunturu busasshiyar iska takan sa kwalin ya kantare. Rubutun zinare na bango da zafi ake manna shi, ba ya goguwa, don haka a rubuta musu take da suna da lambar ɗalibi da shekara a takarda da manyan haruffa, a kuma nemi ganin jerin haruffan kafin a buga. Launin bango sashe ke yanke shi, a tambaya a can.

Rahoto mai shafi 80 kwafi huɗu takarda 320 ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na rim mai 500, ban da na gwaji. A makon miƙa aiki garin firinta kan ƙare da rana tsaka, sai shafukan ƙarshe su fara fitowa da farin zane a tsaye, kuma shafukan ƙarshen nan su ne na jadawalin lanƙwasa rodi da na kuɗi, inda kowace lamba ke da muhimmanci. A zo da safe, kwana uku kafin ranar miƙawa, a buga kwafi ɗaya tak, a zauna a ƙirga shafukansa da biro da rula a hannu, sannan a ba da izinin buga sauran.